Ƙamshin Gida a Motar Jamus

A Malanbil, garin farko da na taka a ƙasar Benin, na gane cewa abin da ke ɗaure a ƙuguna ya fi ni daraja. In na zauna sai na dafa shi, in na tashi sai na dafa shi, har wata mai tallar fura ta tambaye ni ko ciwon ciki nake yi. Na ce mata e, don ya fi sauƙin bayani. Kuɗi ne, amma ba nawa ba. Jirgin Baba ne aka sayar, aka naɗe abin da aka samu a tsohon ɗankwalin Inna, aka ɗaura mini.

Sunana Sahabi, mutumin Warra ne ni, a bakin tafkin Kainji. Mahaifina ya ƙare ƙuruciyarsa yana fito da wannan jirgi, babban jirgin katako mai inji, yana ɗaukar 'yan kasuwa da buhunan albasa da kwandunan kifi tsakanin Warra da Yawuri da ƙauyukan tsallake. Ni kuwa tun ina saurayi hankalina yana kan titi, na daɗe ina tuƙa motocin mutane. Da gwiwoyin Baba suka fara ƙin ɗaukarsa, sai ya yanke shawara shi kaɗai kamar yadda ya saba. Ya sayar da jirgin, ya ce in je Kwatano in sayo motar haya wadda gidanmu zai ci abinci da ita. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini.

"Ta Jamus za ka sawo, mai tauraro ga hanci. In ba ka samu ba, maido min kuɗɗina."

Baba bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma a kan motar Jamus ba ya jin maganar kowa. Yana ƙaramin yaro aka tare kogi aka yi dam, ruwa ya ci tsohon ƙauyensu, kuma manyan motocin da suka kwashe su da tukwanensu da awakinsu zuwa tudu duk masu tauraron nan ne. Ya rantse ɗaya daga cikinsu tana nan har yau tana kai albasa kudu. Ko ita ce ko ƙanwarta ce, ba wanda ya isa ya yi masa gardama. A wurinsa mota ce da shugabanni ke shiga tana sabuwa, talaka ya gaje ta ta tsufa, kuma duk su biyun ba ta ba su kunya.

Hanyar kudu ta yi mini tsawo. Muka wuce Kandi, muka wuce Paraku, Hausa tana raguwa a bakin mutane, Faransanci yana ƙaruwa. Duk shingen da aka tsayar da mu, in jandarma ya leƙo, sai in ji kamar ƙuguna kawai yake kallo. Allah kuma ya haɗa ni kujera ɗaya da wani ɗan kasuwar goro wanda ba ya da labari sai na waɗanda aka damfara a Kwatano. Wannan an sayar masa mota ba inji, wancan an sayar masa motar da ke da masu ita biyu. Yana bayarwa yana dariya yana miƙo mini goro, ni kuwa sai ƙara dafe ƙuguna nake yi.

A Zangon Kwatano na sauka, unguwar da Hausawa suka fi yawa. Can na samu Hajiya Ramatu, wata dattijuwa mutuniyar Gaya mai sayar da abinci a bakin masallaci. Ranar farko ta dube ni ta ce, "Kai ɗan bakin ruwa na, na gani ga yadda kaka cire ƙayar kihi." Daga ranar ba ta ƙara kirana da sunana ba, sai ɗan Yawuri. Kullum sai ta ƙara mini kan kifi a miya ba tare da na roƙa ba. Ita ce ta ja mini kunne da na gaya mata abin da ya kawo ni.

"Wanda duk yak kira ka ɗan'uwa tun bai tambayi sunanka ba, riƙe aljihunka."

Na ce mata ni ba yaro ba ne. Ina da wannan hali, ba na son a nuna mini abin da nake ganin na sani.

Filayen da ake sayar da motoci suna bayan gari, a hanyar gabas. Ban taɓa ganin ƙarfe da yawa haka ba, layi bayan layi har iyakar ganin ido, rana tana dukan gilasai tana dawo maka a fuska. Masu tauraro suna nan birjik. Matsalar ita ce wadda ta yi mini, kuɗin jirginmu ba su kai ko rabinta ba, wadda kuɗin suka kai kuma ba ta Jamus ba ce. Kullum in fita da safe a bayan ɗan acaɓa mai rigar ɗorawa, in dawo da yamma ƙafafu sun kumbura. Kullum kuma ɗankwalin Inna yana ɗan ragewa, ga abinci ga masauki ga kuɗin hawa. In Baba ya kira, tambayarsa ɗaya ce, ko na samu. In ce ana kan nema. Sai ya kashe wayar, ni kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Wata rana da abin ya ishe ni na ce a kai ni bakin teku. A zatona ni ɗan ruwa ne, in na ga ruwa zan ji sanyi a raina. Ashe ba haka ba ne. Ruwa ne da ba shi da tsallake, yana ta hauka shi kaɗai, iskarsa gishiri da ƙarni. Ba laka, ba ciyawar bakin gaɓa, ba hayaƙin bandar kifi. Na tsaya can nesa kamar baƙon da bai taɓa ganin kogi ba, kewar gida ta taso mini. Na tuna Inna tana shanya kifi a kan raga, na tuna ƙarar injin Baba in ya juyo daga Yawuri da la'asar. A gaban mutane na share hawaye, ban ji kunyar kowa ba don ba wanda ya san ni.

Washegari na haɗu da Isuhu. Ina tsaye ina kallon wata da na san ba zan iya saya ba, sai na ji an dafa kafaɗata.

"Ɗan'uwa, tun shekaranjiya nike ganinka kana wahala. Mi kaka nema?"

Na tuna maganar Hajiya Ramatu sarai. Amma mutum ne fes da shi, farar shadda, tasbaha a hannu, Hausarsa irin ta wajenmu. Na gaji da magana da hannu, na gaji da a dube ni a kau da kai. Na gaya masa. Ya ce shi dillali ne, kuma akwai wata da aka ajiye a wani fili can ciki, ba kowa ake nuna wa ba.

Shuɗiya ce mai duhu, mai dogon baya, irin wadda za ta ɗauki fasinja ta ɗauki kwandunan kifi. Tauraronta yana tsaye a hanci yana ƙyalli. Isuhu ya ce ta wata tsohuwar likita ce a Jamus, ba ta fita da ita sai ranar Lahadi. Ban yarda da wannan ba, kowane dillali yana da tsohuwar likitarsa. Na yi duk abin da direba ke yi. Na buɗe gaba, na duba mai, na saurari inji, na kwanta na leƙa ƙarƙashi. Injin yana bugawa a hankali, ba tari ba rawa. Shimfiɗar ƙasanta sabuwa ce ƙal, na ce a raina lallai Jamusawa akwai tsabta. Da ya faɗi kuɗinta kuwa, sai da na sa ya maimaita, don daidai suke da abin da zan iya.

Sannan na shiga na zauna, na ja ƙofa. Ƙofar ta rufe da wani sauti mai nauyi, hayaniyar waje ta ɗauke. A cikin wannan shirun na ji shi. Wani ƙamshi ne a ƙasa-ƙasa, ɗanye, mai sanyi, irin na bakin tafkinmu in ruwa ya ja baya aka fara dashen albasa. Na lumshe ido na ga Warra. Tun da na bar gida ban ji hankalina ya kwanta ba sai a kan kujerar nan. Isuhu ya buɗe ɗaya ƙofar da sauri, ya ciro kwalbar turare daga aljihu zai fesa, na riƙe masa hannu.

"Bar shi, haka nike son ta."

Ya dube ni wani iri, ya mai da kwalbar aljihu. A lokacin na ɗauka mamakin kirkina yake yi.

Da na kawo motar ƙofar masallaci, Hajiya Ramatu ta fito. Ta zagaya ta, ta tambayi wanda ya haɗa ni da ita, na ce wani ɗan'uwa ne. Ta ɗaure mini soyayyen kifi a leda, ta ce Allah shi kai ni lahiya. Na kira Baba na ce an samu. Na ji yana gaya wa mutanen da ke kusa da shi tun bai kashe wayar ba.

Daga Kwatano zuwa Dasa ni sarki ne. Motar tana shan hanya ba ka jin rami, jandarmomin da suka hana ni sukuni da zuwa yanzu har hannu suke ɗaga mini. Na fara lissafin yadda zan shiga Warra, ta gaban kasuwa, a hankali. Bayan Sabe hadari ya haɗu, aka kece da ruwa. Nan motar ta fara abin da ban taɓa gani ba. Gilashin gefen fasinja ya sauka da kansa. Fitilun gaban sitiyari suka kama gaba ɗaya, suka mutu, suka sake kamawa. Oda ta shiga kuka ba wanda ya taɓa ta. Ina salati ina danne-danne, ruwa yana shigowa yana jiƙa kujera, har muka kusa Paraku, sai ta yi shiru ta gangara gefen titi ta tsaya.

Na zauna a ciki ban san iya lokacin da na yi ba. Ba tsoron daji nake ji ba, ba na ɓarayi ba. Fuskar Baba kawai nake gani. Wani direban babbar motar auduga ne ya tausaya mini, ya ɗaura mini igiya ya ja ni zuwa cikin gari, ya ajiye ni a garejin wani makanike da ake kira Biyo. Ko sunan direban ban samu na tambaya ba.

Biyo dattijo ne ɗan garin, gajere, mai furfura a gemu, ya iya Hausa irin ta kasuwa. Ya saurari bayanina bai katse ni ba. Bai buɗe inji ba ma. Ya ɗauko sukudireba ya kwance marfin cikin ƙofa, ya ɗan buga ƙarfen da tafin hannu. Wani abu ya zubo ƙasa, busasshe, ruwan toka. Ya ɗaga sabuwar shimfiɗar nan, ga shi nan ma a kwance a kowane lungu. Na durƙusa na ɗiba, na murza a yatsu, na kai hanci. Laka ce, lakar kogi. Ni da aka haifa a cikinta ba na bukatar a gaya mini.

"Ambaliya ta ci ta a can ƙasarsu," in ji Biyo. "Ta kwana cikin ruwa har wuya. Aka wanke, aka sa a jirgi, aka kawo muku."

Ashe ƙamshin da na ɗauka na gida ne, warin abin da ya nutse ne. Zuciya ta taso mini. Na kira lambar Isuhu, a kashe. Na sake kira, a kashe. Na ce wallahi Kwatano zan koma, ko zan kwana a kurkuku sai na shaƙe shi da tasbaharsa. Biyo ya bar ni na gama zage-zagena, sannan ya ce in na koma ba zan ga Isuhu ba, abin da ya rage a hannuna ne kawai zai ƙare.

"Injin lafiyarsa lau. Wayoyinta ne suka ruɓe. Zan yi maka dabarar da za ta kai ka gida, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi."

A garejinsa na zauna har ya gama, ina kwana a cikin motar, matarsa tana aiko mana da sakwara. Yana aiki yana surutu, ina jin don ya ɗauke mini hankali ne. Ya ce ya yi aikin motocin nan tun yana matashi a wurin wani da ya koyo a Turai. A wurinsa na ji cewa mutanen da suka kafa kamfanin su ne suka fara ƙera mota mai inji a duniya, mai ƙafa uku, mutane suna yi mata dariya. Matar maƙerin ce ta ɗauke ta wata safiya ba da saninsa ba, ta sa 'ya'yanta biyu, ta tafi ganin mahaifiyarta a wani gari mai nisa. Babu gidan mai a lokacin, a shagon magani ta sayi abin da ta zuba. Da bututun mai ya toshe, da tsinken hularta ta zokale shi.

"Ka ga har ta farkon ta tsaya a hanya," in ji shi. "Matar ba ta koma baya ba."

Labarin ya yi daɗi, amma bai rage mini komai ba. Ita matar mahaifiyarta za ta tarar, ni kuwa Baba. Biyo ya ja sabuwar waya daga batir, ya sa mini wani maɓalli a ƙarƙashin sitiyari, ya cire duk abin da ba dole ba. Gilashin gefen fasinja ya ƙi tashi, muka toshe da leda. Abin da ya karɓa a hannuna bai kai ladan wahalarsa ba, da na yi magana ya ce in gai da mai jirgi.

Na bi ta Kandi na ɓullo Tsamiya, aka gama abin da ake yi na takardu a kan iyaka, na shigo ƙasarmu. Mutum in ya doshi gida hankalinsa kwanciya yake yi, ni nawa tashi ya riƙa yi. Na shirya magana ta fi kala goma, duk ba wadda ta zauna. A Koko na tsaya na sayi turare mai ƙarfi, na juye kwalbar kaf a kan kujeru da shimfiɗa. Ina fesawa ina tuna hannun Isuhu, amma ban fasa ba.

Ban bi ta gaban kasuwa ba. Duk da haka kafin in tsaya a ƙofar gida unguwa ta cika, don Baba ya riga ya gaya wa duk wanda ke da kunne. Ya fito yana dogara sanda. Ya zagaya motar, ya shafa tauraron da yatsa, fuskarsa kamar ta yaron da aka yi wa ɗinkin salla. Sai ya buɗe ƙofar gaba ya zauna, ya ce in shigo, ya ja ƙofa.

"Wa yam mutu cikin motag ga da kaz zuba mata turare haka?"

Ya ja numfashi sau ɗaya, ya sake ja. Na ga murmushin yana barin fuskarsa a hankali. Ya sunkuya da ƙyar ya tura hannu ƙarƙashin kujera, ya fito da yatsunsa ya dube su.

"Wagga ta sha ruwa, Sahabi."

"Ta sha, Baba."

"Kai da anka haihwa bakin ruwa, ba ka ji ba?"

"Na ji, Baba. Shi yas sa nis saye ta."

Na gaya masa komai, har da teku, har da yadda na riƙe hannun dillali. Na jira ya ɗaga murya, don Baba ba ya da sanyin baki. Mutane a waje suna leƙe suna yaba fenti. Shi kuwa Baba yana murza lakar a tsakanin yatsu.

"Injin hwa?"

"Lahiya lau yake."

"To ai Bajamushe bai yi ƙarya ba. Mutane sunka yi." Ya buɗe ƙofa. "Abin da yan nutse mu munka san maganinai. Gobe a kwance ta."

Haka aka yi mata abin da muke yi wa injin jirgi in ya faɗa ruwa. Aka fitar da kujeru, Inna da ƙannena mata suka wanke su aka jera a rana kusa da ragar kifi. Duk abin da ke kwantuwa aka kwance, aka wanke da kananzir, aka shanya a kan tabarmi. Baba yana zaune a kan turmi yana ba da umarni kamar shi ya ƙera ta. Wani mai gyaran wutar mota daga Yelwan Yawuri ya zo ya sake mata wayoyi, sai da Inna ta sayar da tumakinta kafin a sallame shi, kuma har yau ba ta taɓa yi mini gorin su ba. Motar ta tashi. Ita nake ja yanzu tsakanin Warra da Yelwa, a tasha ba a kiranta da komai sai Ta Sha Ruwa. Gilashin nan ɗaya ne kawai ya gagari kowa.

Ranar da na fara ɗaukar Baba zuwa Yelwa, hanya ta bi da mu ta kusa da mashaya. Ranar kasuwa ce, jirage sun cika gaɓa. Tun daga nesa na hango namu, an sake masa fenti, an rubuta sunan wani a gefe, ana yi masa lodin buhuna. Baba ma ya gani. Ya kau da kai da sauri.

"Ɗaga gilashin ga."

"Ba ya tashi, Baba."

Sai ya juya ya dubi jirgin sosai, tun daga goshi har wurin inji. Na rage gudu ba tare da ya ce ba.

"Sun karkata mishi lodi," in ji shi a hankali. "Ba haka aka yi mishi ba."

Na ce ko in tsaya ya yi musu magana. Ya girgiza kai, ya ɗora hannu a kan ƙofar motar ya ɗan bubbuga ta, yadda yake yi wa gefen jirgin in za a tashi.

"Tahi, Sahabi. Hwasinja na jira."